Na-Riga-Sani da Cutar Tsalle-Tsalle

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya yi wa birnin nan baiwa da su, wajibi ne a fara da Darakta, mai makarantar nan da ke bakin babban titi. In ba a fara da shi ba, zai tashi ya fara da kansa, don haka gara a sauƙaƙa wa kowa. Mutum ne mai cikar zati, mai cikar murya, mai cikar tumbi. Ilimi kuwa ba a magana. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa gaya masa sabon abu ba. In ka ce an yi ruwa a unguwarku, zai ce ai tun shekaranjiya ya hango hadarin. In ka ce matarka ta haifi tagwaye, zai gyaɗa kai ya ce ya san a rina. Wannan ya sa malamansa suka raɗa masa Na-Riga-Sani. A bayan idonsa ke nan. A gabansa kuwa sai “ranka ya daɗe”, har da rusunawa.

Ofishinsa kansa abin zuwa kallo ne. Akwai kujera mai juyawa da ke kuka duk lokacin da ya zauna, kuma ba wanda ya ga laifinta. Akwai kabad cike da littattafai masu kauri, waɗanda saboda tsabar girmama ilimi har yau bai cire musu ledarsu ba. Bango kuwa hotuna ne reras, duk nasa, yana gaisawa da manyan mutane. In ka matsa kusa za ka ga manyan duk wani wajen suke kallo, amma wa ya aike ka matsawa kusa?

Babban abin alfaharinsa shi ne natsuwa. Ya ce makarantarsa ta fi kowace makaranta shiru, kuma ya san sirrin: tsawa. Duk yaron da ya kasa zama wuri ɗaya, a wurin Darakta marar tarbiyya ne, kuma laifin uwarsa ne. A ajin uku akwai wani yaro, ɗan wata tela, wanda ƙafarsa ba ta daina rawa a ƙarƙashin benci, yana ba da amsa tun ba a gama tambaya ba, kullum fensirinsa ya ɓata. Darakta ya kira uwar ofis, ya bar ta a tsaye, ya karanta mata huɗubar tarbiyya, sannan ya ce in zangon karatu ya ƙare ta nemi inda za ta kai ɗanta. Matar ta fita tana share ido da gefen mayafi. Shi kuwa ya juya a kujerarsa, ya ji daɗin yadda ya yi gyara.

Ana haka sai ga wata likita daga asibitin yara, 'yar siririya, mai magana a hankali. Ta ce suna zagaya makarantun birni ne suna tantance yara. Akwai yaran da ba su iya tattara hankalinsu wuri ɗaya, akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya barinsu su zauna. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba daƙiƙanci ba ne, yanayin ƙwaƙwalwa ne, kuma in an gane da wuri ana taimaka wa yaro ya yi karatunsa lafiya. Za su zauna a aji su lura, su yi wa malamai da iyaye tambayoyi. Wanda suka ga alama a tare da shi, sai a kai shi asibiti a duba shi da kyau. Ta faɗi sunan abin da Turanci, suna dogo kamar jirgin ƙasa.

Darakta ya buɗe baki zai maimaita sunan, ya shiga taragon farko lafiya, ya ɓace a na biyu. Sai ya yi gyaran murya.

“'Yata,” in ji shi, “abin da kike nufi shi ne cutar tsalle-tsalle. Lokacin da na fara nazari a kanta, ke ko haƙori ba ki fitar ba. Cuta ce ta makarantun da ba su da shugabanci. Ku zo ku duba, ƙofata a buɗe take. Amma ina ba ku shawara ku taho da abin karantawa, don kada zaman banza ya gundure ku. A nan ko ɗaya ba za ku samu ba.”

Likita ta ce ba cuta ce irin wadda yake nufi ba, amma kafin ta kai ƙarshen magana ya riga ya raka ta bakin ƙofa.

Tana fita sai hankalinsa ya tashi. Ba don yaran ba. A tsallaken titi akwai wata makaranta, mai ita mace ce, kuma shekara da shekaru Darakta yana kwana yana tashi da ita a zuci. In ta yi fenti, ya yi fenti. In ta sayi motar ɗaukar yara, ya sayi wadda ta fi ta ƙarar oda. Yanzu a ce an samu masu tsalle-tsalle a makarantarsa, labari ya tsallaka titi? Gara zazzaɓi.

Nan take ya buga ƙararrawa ya tara malamai.

“Gobe muna da baƙi,” in ji shi. “Kowane malami ya tsamo mini yaran ajinsa masu ƙaiƙayin zama. A kai su sito na bayan makaranta, su zauna can har baƙi su tafi. Wannan shi ake kira tsari. Ba a koyar da shi a jami'a, baiwa ce.”

Malamar ajin uku ta ɗaga hannu a hankali. “Ranka ya daɗe, ai ina ga don su aka zo.”

“Malama, in baƙo zai zo gidanki, tsummokara kike shanyawa a ƙofa?”

Magana ta ƙare. Aka ɗora wa malamin wasanni gadin sito.

Abin da Darakta ya manta, duk da cewa ba ya mantuwa, shi ne abin da ke cikin siton. Shekarun baya, da ya ji makarantar tsallake za ta kafa 'yan fareti, ya yi maza ya sayo ganguna da ƙahoni da kuge, aka ɗauki hoto da su, aka jibge su a can ƙura na ci. Abu na biyu da ya manta shi ne malamin wasanni tsohon ɗan fareti ne, wanda ko cokali ya riƙe sai ya kaɗa shi a bakin kofi. An ba kura ajiyar nama, an kuma sa ƙanwarta gadi.

Washegari Darakta ya ci kwalliya da kwat ɗinsa na zuwa taro, wadda maɓallinta na tsakiya ke aiki fiye da kowa a makarantar. Ya zagaya da likita da ma'aikatan jinya biyu aji-aji. Ko'ina tsit. Sai dai bencina sun yi giɓi-giɓi kamar bakin yaro mai famfara. Likita ta tambayi ina masu wuraren.

“Mura,” in ji Darakta. “Mura ce ta shigo gari.”

A ajin uku ya tsaya ya nuna wata yarinya a bencin gaba, kusa da taga. Jikarsa ce, 'yar babbar 'yarsa, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, don haka yake kiranta Uwata. Duk duniya in akwai wanda Darakta yake so bayan kansa, ita ce.

“Dubi nan, likita. Wannan ita ce natsuwa da kanta. In ta zauna tun safe, ko ƙuda ba ta kora. Jini ba ya ƙarya.”

Likita ta duba. Yarinyar tana zaune shiru, gaskiya ne. Idonta na kan wani ƙadangare a bangon waje. A littafinta ta fara kwafe layin farko na abin da ke allo, ta tsaya a tsakiyar kalma, alhali sauran yara sun kusa cika shafi. Likita ta yi wa yarinyar murmushi kawai.

Da aka gama zagaye, Darakta ya ga bai kamata baƙi su tafi ba su ji jawabi ba. Ya sa aka fito da yara fili, ya hau dakali.

“Baƙinmu masu daraja! Kun gani da idonku. A wasu makarantun, da ba zan ambaci suna ba, amma in kun leƙa tsallaken titi za ku gansu, hayaniya ce ke koyarwa. A nan kuwa, in ka kasa kunne, har numfashin tururuwa za ka ji. Bari mu yi shiru ku ji da kanku.”

Aka yi shiru.

Dum!

Darakta ya ƙifta ido. “Maƙwabta ne,” in ji shi. “Ba su da tarbiyya.”

Dum! Dum-dum! Sai ƙaho ya amsa, da murya irin ta jakin da aka taka wa wutsiya. Sai kuge. Sai usur. Kafin Darakta ya samo wata ƙaryar, ƙofar sito ta buɗe, ga ayari ya fito. Ɗan tela ne a gaba, ya rataya babbar ganga da ta kusa rufe shi, yana dukanta kamar don ita aka haife shi. Bayansa sauran masu mura, kowa da abin busawa ko na bugawa, fuska duk ƙura, baki har kunne. Can ƙarshe ga malamin wasanni da usur a baki, yana ɗaga gwiwa sama-sama, idonsa a lumshe don daɗi. Sai da ya zo daidai dakali ya buɗe ido ya ga maigidansa. Usur ɗin ya faɗo daga bakinsa, amma ƙafafun suka ci gaba da taku, don su ba su samu labari ba.

Yaran da ke fili suka ɓarke da shewa. Ma'aikatan jinya suka riƙe ciki. Likita ta juyo ta dubi Darakta cikin ladabi.

“Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Ashe murar ta sake su.”

Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a ce mai tumbi ne zai shige shi. Darakta ya tsaya a kan dakali yana neman inda zai ajiye idonsa. Amma babban mutum ba ya faɗuwa, sai dai ya zauna da sauri. Ya ɗaga hannu ya ce, “Wannan tarba ce ta musamman da na shirya muku. Na ɓoye ta ne don ta zo muku ba zato.”

Aka yi kwanaki ana aikin tantancewa, a wannan karon da kowa da kowa. Sakamakon ya ba malamai mamaki. Yawancin 'yan sito lafiyarsu ƙalau, ƙuruciya ce kawai. Wani ba ya ganin allo ne, shi ya sa yake ta miƙewa, tabarau yake buƙata. Wata ba ta karyawa kafin ta fito. Kaɗan ne aka ce a kai asibiti a ƙara dubawa, cikinsu har da ɗan tela. Da likita ta zaunar da uwarsa ta ce mata ba ita ta lalata ɗanta ba, kuma yaron yana da kai, matar ta yi kuka ta yi dariya a lokaci guda. Ta ce shekara nawa dangin miji suna cewa ta sangarta shi. Maganar kora kuwa ta bi ruwa, don Darakta ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba, gwada imanin uwar yake yi.

Ranar ƙarshe likita ta shigo ofis ta rufe ƙofa. Ta ce akwai yarinya ɗaya da take so a kai asibiti, wadda ba ta cikin 'yan sito. Abin ba kullum yake zuwa da tsalle ba. Wani yaron jikinsa na zaune, hankalinsa ne ke yawo, kuma irin waɗannan su ake daɗewa ba a gane ba, musamman 'yan mata, saboda ba su damun kowa.

“'Yar wace ce?” in ji Darakta. “Faɗa mini in kira uwar in yi mata faɗa.”

“Jikarka ce, ranka ya daɗe.”

Kujera ta yi kuka, sannan ta yi shiru. Darakta ma ya yi shiru, abin da ko malamin da ya fi kowa daɗewa a makarantar bai taɓa gani ba. Ya tuna yadda 'yarsa ta sha ce masa, “Baba, yarinyar nan fa ba ta gane komai, kullum da kuka muke yin aikin gida,” shi kuwa yana cewa ta bar masa Uwata, natsattsiya ce. Ya tuna ranar da yarinyar ta tambaye shi ko ita daƙiƙiya ce, ya yi dariya ya ba ta alewa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

“Za ta warke?” Muryar da ta fito ƙarama ce, ba ta dakali ba.

Likita ta ce ba ciwo ba ne da ake kwanciya, kuma yarinyar za ta yi karatu sosai in an bi da ita yadda ya dace. Ta yi masa bayani, kuma a karo na farko ya bar ta ta kai ƙarshe. Sai da ta miƙe za ta fita ne jininsa ya dawo jikinsa.

“Dama na daɗe ina zargin haka,” in ji shi. “Jira nake in ga ko za ki gano.”

Abubuwa suka canza a ajin uku. Malama ta ɗauke Uwata daga bakin taga, ta riƙa yanka mata aiki gutsure-gutsure, in ta gama wannan a ba ta wancan. Ɗan tela aka ba shi shugabancin goge allo da raba littattafai, don ƙafar ta samu inda za ta, ga kuma ganga bayan an tashi. Ranar da Uwata ta cika shafi guda da hannunta ta kawo wa kakanta, sai da ya zagaya da shi ofis-ofis, har mai gadi ya nuna wa.

Da a nan labarin ya tsaya, da an ce Darakta ya yi hankali. Amma hali zanen dutse ne.

Wata safiya yana shan shayi, matarsa ta kunna rediyo. Sai ga muryar mai makarantar tsallake, ana hira da ita, ana yaba mata cewa ta buɗe ƙofa an tantance yaranta, an gano da dama, ana taimaka musu. Shayi ya sarƙe Darakta.

“Nawa aka samu a wurinta?”

“Sun ce sun fi naka yawa,” in ji matar, tana shafa wa burodi man shanu hankali kwance.

“Sun fi nawa? A wane dalili? Me take da shi da ba ni da shi?”

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A ranar ya aika a kira 'yan rediyo, ya kuma tara yara a fili.

“'Ya'yana! Gobe manyan baƙi za su zo. Ina so kowa ya saki jiki. Ku yi tsalle, ku hau benci, ku yi surutu. Duk wanda na kama yana zaune shiru, zai gamu da ni!”

Yara suka dubi juna. Wanda ya shekara yana shan tsawa in ya motsa, yau a ce ya hau benci? Suka ce wannan tarko ne, kifi na ganinka mai jar koma. Da ɗan rediyo ya zo da na'urarsa, ya tarar da makaranta kamar an yi ruwa an ɗauke. Darakta yana bin taga-taga yana yi musu alama da hannu su tashi, su kuwa suna ƙara ƙamewa. Har ɗan tela ranar ya riƙe ƙafarsa da hannu biyu. Ɗan rediyo ya ɗauki jawabin Darakta har batirinsa ya mutu, ya tafi, kuma har yau ba a sa jawabin a rediyo ba.

Darakta bai karaya ba. In rediyo ta ƙi, ai akwai bango. Ya kira mai fenti ya ce yana son allo babba a saman ƙofar makaranta, wanda za a iya karantawa daga ofishin matar tsallake ba tare da tabarau ba. A sa hotonsa a sama, yana murmushi. A ƙasa a rubuta: na ɗaya a birni wajen ganowa da tantancewa da kula da yara masu fama da rashin natsuwa.

Mai fenti ya auna allo, ya auna hoto, ya sosa ƙeya. “Ranka ya daɗe, in ana so a karanta daga tsallake, kalmomin nan ba za su shiga ba. Sai dai a rage hoton.”

“A rage me?”

“Hoton, ranka ya daɗe. Ko kaɗan ne.”

“Ka rage kalmomi. Ka bar na farko da na ƙarshe, mai hankali zai cike sauran. Hoton kuwa, ko kunnena ka taɓa, sai mun haɗu a kotu.”

“To bari in karanta maka yadda zai fito, ka ji.”

“Fenti ka zo yi ko koya mini karatu? Na riga na san yadda zai fito.”

Ranar da aka ɗaga allon, titi ya cika. Masu motoci suna rage gudu, masu babur suna tsayawa, 'yan kasuwa sun bar rumfuna, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Malaman makarantar tsallake sun fito baranda, mai makarantar da kanta tana tsakiyarsu, ta dafa ƙarfe don kada ta faɗi. Darakta ya fito ya tsaya a ƙarƙashin allon, ya ba shi baya, ya turo ƙirji, yana ɗaga wa jama'a hannu. A samansa ga fuskarsa, faɗinta ya kai tabarma, tana murmushi har kunne. A ƙarƙashinta, da jan fenti, haruffa manya-manya:

NA ƊAYA A RASHIN NATSUWA.

Matarsa ta sauko daga mota, ta ɗaga kai ta karanta, ta sake karantawa. Darakta ya matso yana haki don daɗi.

“Kin ga jama'a? Ki faɗi gaskiya, a birnin nan akwai wanda zai yi musun abin da ke allon nan?”

Ta dube shi, ta dubi allon, ta gyara mayafinta.

“Wallahi, Maigida, ko mutum ɗaya babu.”